Riga-kafi ya iso, a ajiye gwaji? Mu tambayi Dareta

 

Maganar da za mu juya yau an sha gardama a kanta a manyan ƙasashe bayan annobar korona. Idan allurar riga-kafi ta game gari, akwai sauran dalilin tara mutane ana yi musu gwajin ƙwayar cuta, mai lafiya da marar lafiya? Su can sun yanke hukuncinsu, sun naɗe tabarmar gwajin gama-gari, kuma suna da hujja. Ni dai ina ganin kafin mu ari hukuncin wani mu yafa, gara mu tsaya mu tambayi Dareta, domin duk faɗin ƙasar Hausa da wuya a sami ƙauyen da ya san abin da gwajin jini yake nufi kamar wannan ƙauye na ƙasar Anka a jiharmu ta Zamfara.

A farkon 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza. Yaro zai fara da amai da murɗar ciki, sai jijjiga, sai suma, kafin a ankara an kai shi makwancinsa. Lokacin zafi ne, lokacin da aka saba jin sanƙarau, saboda haka zato ya fara tafiya can, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, wasu suka ce iska ce. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, da suka fara lura da yawan mace-macen a watan Maris, sawun sanƙarau suka shigo bi. An ba da maganin zazzaɓi, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, shiru kake ji. Sai da aka ɗebi jinin wasu yaran aka aika ɗakin gwaje-gwaje a Turai sannan gaskiya ta fito: gubar dalma ce. Dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gida a daka a turmi, a niƙa a injin, a shanya a tsakar gida, shi ne ke ɗauke da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasar da yaro ke rarrafe a kai, ta bi hannunsa zuwa baki.

Da masu bincike na hukumar CDC ta Amurka suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, sun tarar yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Cikin yara 204 da aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari sun kai ko sun haura 45 a ma'aunin likitoci, wanda shi ne matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da gubar. Ƙaramar na'urar da aka zo da ita, LeadCare II, iyakar ƙidayarta 65. A ɗiga jinin yaro, a jira 'yan mintoci, sai ta nuna abin ya wuce saninta. A kawo na wani, haka. Sai da ma'aikata suka koma sirka jinin kafin na'urar ta iya faɗin adadi. Yaran da aka rasa a wannan musiba sun kai 400, Allah Ya sa masu ceto ne.

To a nan, gwajin kowa da kowa shi ne daidai, kuma babu mai hankalin da zai yi jayayya. Dalma ba ƙwayar cuta ba ce, babu allurar da za a yi wa jariri ta kare shi daga ita. Yaro na iya yawo da gubar a jikinsa yana wasa, ba wata alama, alhali tana cin ƙwaƙwalwarsa. Ba yadda za a san wa za a ba magani sai an auna. Daga 2010 zuwa lokacin da MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022, an auna yara sama da 8,000 a waɗannan ƙauyuka.

Amma ku lura da wani abu da Bagega, wani ƙauyen da gubar ta shafa, ta koya mana. An san yaran Bagega na ɗauke da guba, an auna an gani, amma magani ya tsaya, saboda in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da ƙasarsa ke cike da dalma, aikin baban giwa ka yi. A Dareta an kankare saman ƙasar gidaje tun 2010, aka kwashe aka binne a rami, aka zubo sabuwar ƙasa. Bagega kuwa sai 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Duk tsawon wannan jira, sakamakon gwaji takarda ce kawai a hannun uwa. Abin tambaya kenan duk ranar da aka zo da maganar gwaji: in an gwada an gani, sai me? Akwai abin da za a yi wa mutumin, ko wa maƙwabcinsa, wanda ba za a yi ba in ba a gwada ba?

Da wannan tambayar za mu auna korona. A 2020 cutar ta yi kama da dalma ta fuska biyu: babu riga-kafi, kuma mutum na iya ɗauke da ita lafiyarsa ƙalau yana rarraba wa jama'a a masallaci da kasuwa. Hanya ɗaya ta rage, a nemo mai ɗauke da ita a killace shi. Shi ya sa ƙasashe suka shiga gwaji ba ji ba gani. Birnin Wuhan na ƙasar Sin ya gwada kusan mutum miliyan 10 a watan Mayun 2020. Ƙasar Silobakiya ta gwada mutum miliyan 3.6 cikin kwana biyu a ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamban shekarar. Birtaniya ta ware fam biliyan 37 na shekara biyu don gwaji da bin sawun masu cutar. A lokacin gwaji yana da amsar "sai me", domin duk wanda aka kama aka tsare a ɗaki, an tsare wani tsoho daga gadon asibiti.

Da allura ta zo ta yawaita, lissafi ya canja. Riga-kafin korona bai hana kamuwa gaba ɗaya ba, musamman da nau'in Omicron ya ɓullo a ƙarshen 2021, amma ya rage mutuwa da kwanciya asibiti ƙwarai da gaske. Cutar da a da take kai dattijo kushewa ta koma, ga mafi yawan waɗanda aka yi wa allura, mura mai zafi ta 'yan kwanaki. Sai Ingila ta duba ta ga tana kashe maƙudan kuɗi tana farautar abin da ba ya kisa kamar da, ta daina ba da gwaji kyauta ga kowa daga 1 ga Afrilun 2022. Ba ta rufe ido ɗungum ba. Ta ci gaba da gwada marasa lafiya a asibiti da gidajen tsofaffi, ta ci gaba da wani bincike da ake ɗaukar samfur daga zaɓaɓɓun gidaje don a san inda cutar ta dosa, har zuwa Maris 2023. Shi kansa Omicron ai ba da gwajin gama-gari aka gano shi ba, masana ne a ɗakunan bincike na Botsuwana da Afirka ta Kudu suka tsura wa wasu 'yan samfura ido suka ga sun sha bamban da sauran.

Akwai kuma wani lissafi da ba a cika faɗa wa mutane ba. Babu gwajin da ba ya kuskure. Mu ɗauka, a misali kawai, wani gwaji yana yi wa mutum ɗaya cikin ɗari ƙazafin cutar da ba shi da ita. Ka tara mutum 10,000 a garin da riga-kafi ya danne cutar har masu ita goma ne kacal. Za ka kama goman nan, in an yi sa'a, amma za ka haɗa da mutum kusan ɗari da aka ce suna da ita alhali ƙalau suke. A hana su kasuwa, a hana su gona, maƙwabta su riƙa nuna gidansu. Duk sa'ad da cuta ta yi ƙaranci, gwajin kowa da kowa ƙazafinsa ya fi gaskiyarsa yawa.

Wannan duk gaskiya ne, amma labarin wasu ne. Mu a nan, yaushe aka yi gwajin gama-garin da za a ce a daina? Lokacin da aka sami mutum na farko da korona a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, ɗakunan da ke iya gwada cutar a duk Najeriya ba su kai goma ba, kuma babu ko ɗaya a Zamfara. A Kano, cikin watan Afrilu, masu haƙar kabari ne suka fara ba da labarin yawan mace-mace, a daidai lokacin da ɗakin gwajin da ke birnin ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Har annobar ta lafa, gwajin da aka yi a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 bai wuce 'yan miliyoyi ba. Allurar ta iso ranar 2 ga Maris 2021, kusan miliyan huɗu a jirgin farko, kuma kafin shekarar ta ƙare sai da aka lalata sama da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya cika ba a yi wa kowa ba. Saboda haka in wani ya tsaya a Gusau ya ce riga-kafi ya sa ba mu buƙatar gwaji, a tambaye shi wane riga-kafin, kuma a hannun wa ya shiga.

Mu bar korona, ta tafi da hayaniyarta. Cikin cututtukan da ke addabar yaranmu har gobe akwai ƙyanda da sanƙarau da shan inna, kuma a kansu ne wannan tambaya take da nauyi.

Ƙyanda, ko baƙon dauro, tana cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa. Yaro ɗaya na iya shafa wa yara 12 zuwa 18 in ba su da kariya, shi ya sa masana suka ce sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari allura sau biyu kafin gari ya sami lafiya. Mu kuwa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari ne kawai na yaran Najeriya suka sami cikakken riga-kafin farko, a Sakkwato kashi 5, Zamfara kuma tana nan kusa da ita a ƙasan jeri. A irin wannan wuri, in ƙyanda ta shigo ƙauye, ba mai buƙatar a gwada kowane yaro. Ƙa'idar aikin ma ita ce a ɗebi jinin yara biyar ɗin farko, in an tabbatar, sauran duk wanda ya fito da zazzaɓi da ƙuraje da jan ido da tari a lissafa shi ciki, a zage a yi allura, a ba da sinadarin bitamin A. Kowace kaka a Gummi ta san ƙyanda da ido. Ɓata lokaci ne a tsaya jiran takarda kan yaro na hamsin.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, ranar da riga-kafin ƙyanda zai game ƙasar nan, ranar ce idon kaka zai daina isa. Domin in ƙyanda ta yi ƙaranci, yawancin yaran da za su fito da zazzaɓi da ƙuraje wata cutar ce daban ke damunsu, kuma ba mai rarrabewa sai ɗakin gwaji. A lokacin ne kowane yaro guda mai ƙuraje zai zama abin a hau babur a je a ɗebi jininsa, a bi gidansu, a bi makarantar allonsu. Ashe riga-kafi rage yawan gwaji yake yi, ya kuma ƙara wa ɗan abin da ya rage daraja. Kamar manomin da ya kewaye gonarsa da shinge ne: ya huta da kwana a gona yana gadi, amma duk safiya sai ya zaga gindin shingen ya duba ko akwai sawun kofato.

Sanƙarau ya nuna mana abin da ke faruwa in ba a zaga ba. Shi ba bairos ke kawo irin wanda ke mana annoba ba, bakteriya ce, amma darasin ɗaya ne. Shekara da shekaru nau'in A ne ke yi wa ƙasashen Sahel ɓarna, kamar yadda ya yi a 1996. Aka samo allurar MenAfriVac, aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, jihohin arewacin Najeriya suka bi daga 2011. Nau'in A ya kusa ɓacewa, kuma wannan babbar nasara ce, kada a rage mata komai. Sai dai daga 2013 wani sabon nau'in C ya fara ɗaga kai a Sakkwato da Kebbi, ya yi wa Nijar mummunar ɓarna a 2015. A watan Disambar 2016 ya ɓulla a Zurmi. Mutanen da aka yi wa allurar A suna ganin sun tsira, nau'in C kuwa babu ruwansa da wannan allurar. Kafin labari ya isa inda ya kamata, kafin a ɗebi ruwan gadon baya na isassun marasa lafiya a tabbatar da nau'in, kafin a nemo allurar da ta dace daga rumbun duniya, an shiga Afrilun 2017. Zuwa ƙarshen annobar an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowa jin jiki. Ba gwajin mutum miliyan aka rasa a Zurmi ba. Kwalabe ƙalilan aka rasa, da mai ɗiban ruwan, da motar da za ta kai su ɗakin gwaji cikin mako na farko.

Yanzu an sami allurar Men5CV mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, kuma Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara amfani da ita a 2024. Alhamdu lillahi. Amma wanda ya ga abin da ya biyo bayan allurar A ba zai ce a sallami mai ɗibar samfur ba.

Shan inna kuwa, wato foliyo, shi ne ya fi kowa wayo. Cikin yara kusan 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne ƙafarsa za ta shanye, sauran suna yawo da ita suna zubarwa a bayan gida ba wanda ya sani. Duk da haka ba a taɓa cewa a gwada kashin kowane yaro a Najeriya ba, don ba zai yiwu ba kuma ba shi da amfani. Abin da ake yi shi ne a ɗiga wa kowa, a shafa masa tawada a ɗan yatsa, a rubuta da alli a jikin katanga, sannan a kafa ido. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafa ko hannu ya saki masa farat ɗaya, a ɗebi kashinsa sau biyu, tsakaninsu kwana guda, cikin mako biyu da farawar abin, a sa a akwatin sanyi da ƙanƙara a kai ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. A birane irin su Kano da Sakkwato kuma ana ɗibar ruwan manyan kwatoci ana dubawa, kwalba guda ta ba da labarin unguwa sukutum. An fara wannan a Kano tun 2011.

Kun tuna yadda aka yi murna a 2016 cewa an shekara biyu ba a ga shan inna na daji ba? A watan Agustan 2016 sai ga shi a Gwoza da Jere ta jihar Borno, kuma da aka binciki ƙwayar aka gane ta shekara kusan biyar tana zagaye a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga. Rashin labari aka ɗauka rashin cuta. Wannan maganar ta shafe mu kai tsaye, domin ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi nawa ne yau mai ɗigon foliyo ba ya iya shiga saboda 'yan bindiga? Nawa ne suka watse, mutanensu na zaune a kangaye da makarantu a cikin gari? A watan Satumbar 2021 har layukan waya aka katse a jihar nan baki ɗaya, to wa zai kira wa ya ce ga yaro ƙafarsa ta saki?

An ayyana nahiyar Afirka ta rabu da shan inna na daji ranar 25 ga Agustan 2020, amma akwai wani nau'in da ya rage, kuma gara a faɗe shi a fili da a bar masu jita-jita su faɗe shi a karkace. Ɗigon da ake yi wa yara ƙwayar ce da aka raunana. Inda kusan kowane yaro ya karɓa, takan fita ta mutu, ba ta da inda za ta sauka. Inda aka yi wa kaɗan aka bar da yawa, takan riƙa tsalle daga wannan yaro marar kariya zuwa wancan, wata da watanni, har ƙarfinta ya dawo ta shanye ƙafar wani. A 2021 an sami yara sama da 400 da irin wannan a Najeriya, kuma a shekarun da suka biyo baya Zamfara da Sakkwato da Kebbi da Katsina suna cikin inda abin ya fi yawa. Rabin riga-kafi ke haifar da shi, cikakken riga-kafi ke kashe shi, kuma ba yadda za a san yana gari sai da gwajin nan na kashi da na kwata.

'Yan uwanmu Fulani ma suna da nasu tarihin a kan wannan. Annobar bushiya da ta riƙa share garken shanu, an taso mata da gagarumin riga-kafi daga 1962, aka yi ta yi har aka ga kamar ta ƙare, aka saki jiki, allura ta tsaya, sa-ido ya tsaya. A farkon shekarun 1980 ta dawo ta yi wa makiyayan Najeriya ɓarnar da dattawa ba su manta ba. Karo na biyu an yi hankali. Bayan an yi allura an danne ta, sai aka dakatar da allurar da gangan, aka koma ɗibar jinin shanu garke-garke ana dubawa shekara da shekaru, sai da aka tabbatar babu ita ko'ina sannan aka sanar wa duniya a 2011 cewa ta ƙare. A can gwaji ne ya zo ƙarshe, shi ya sallami allurar.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zaure yanzu, don an sha faɗa wa ma'aikata a ƙofar gida: kullum foliyo, kullum foliyo, ga zazzaɓi na kashe mana yara ba ku kawo ko ƙwaya ɗaya ba. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma wanda ya raina shi bai san ƙauye ba. Na san kuma akwai masu tuna gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996, da dakatar da ɗigon foliyo da aka yi a 2003. Amana in ta karye ba ta ɗoruwa da sanarwar rediyo. Mutanen Dareta sun miƙa hannun 'ya'yansu an ɗebi jini ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda sun ga an dawo musu da sakamako, an ba da magani, an kwashe ƙasar da ta kashe musu yara. Wanda ya zo ya ɗebi jini ko kashi ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba, shi ke ɓata wa na bayansa hanya. Kuma tunda an ambaci zazzaɓi, an fara allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a maƙwabciyarmu Kebbi da kuma Bayelsa a Disambar 2024. Tana rage cutar, ba ta kawar da ita duka, don haka ko ta iso nan, yaron da jikinsa ya yi zafi sai an tsaga ɗan yatsansa an duba kafin a ba shi magani.

Da za a ba ni kasafin lafiyar ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi a ce in raba, ba zan sa ko kwabo a tara masu lafiya ana cusa musu tsinke a hanci ba. Kaso mafi tsoka zai tafi wajen kai allura inda yaran suke, har da sansanonin 'yan gudun hijira da kasuwannin da mutanen ƙauyukan da ba a iya shiga suke ci. A gyara firjin da ke aiki da hasken rana a ƙananan asibitoci. A daina ce wa uwar da ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa ta koma sai yara sun taru, don kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce kuma in an haɗa ta ba ta wuce awa shida. A buɗe mata kwalbar, ko ɗanta kaɗai ne ya zo. Asarar allura tara ta fi sauƙi a kan yaron da ba za a sake gani ba sai a ɗakin masu ƙyanda.

Kaso na biyu ƙarami ne, amma shi aka fi mantawa da shi: man babur na jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, da katin waya, da akwatin sanyi, da kwalaben samfur, da kuɗin motar da za ta kai su Gusau a ranar. Da kuma mutanen da za su ba shi labari, waɗanda ba sa karɓar albashi: ungozoma, wanzami, mai kemis, liman, mai unguwa, da mai haƙar kabari, wanda ya fi kowa sanin makon da ƙananan ramuka suka yi yawa.

Kaso na uku na yaran ƙauyukan zinariya ne. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024, amma kowa ya san ba a taɓa ajiye diga da gaske ba. Muddin ana niƙa dutse, ƙura na bin rigar mai aiki zuwa gida, kuma yaran da aka haifa a Dareta da Abare da Bagega bayan an share ƙasa suna rarrafe a tsakar gida kamar yayyensu. Su kam a auna su duka, lokaci-lokaci, mai alama da marar alama. Aikin yanzu yana hannun ma'aikatar lafiya da ta muhalli ta jiha, kuma ya kamata wakilanmu a majalisar dokoki su tambaya a fili: na'urar auna dalma tana aiki? Akwai kayan gwajinta? Yara nawa aka auna bana, kuma nawa aka ba magani?

Mu kwana nan.